Daga tangaraho zuwa fayiba: tarihin wayar da ba ta shiga gida ba

Magidancin da ya ƙudiri aniyar saka intanet a gidansa a Kano, ko Gusau, ko Bauchi, intanet ɗin da iyali duka za su amfana da shi, yakan tarar zaɓinsa bai wuce uku ba. Ko dai ya sayi rauta mai cin layin waya ya riƙa zuba mata data, ko ya kafa faifan tauraron ɗan'adam a kan rufi in aljihunsa zai ɗauka, ko kuma, idan Allah ya sa gidansa na cikin 'yan unguwannin da wayar fayiba ta ratsa, ya nemi a ja masa ita har falo. Mafi yawan mutane a na farkon suke ƙarewa, har sun ɗauka haka sha'anin intanet yake a ko'ina: a saya da awo, a yi ta duba saura nawa, a hana yara kallon bidiyo idan wata ya yi nisa. Alhali a ƙasashe da dama gida yakan biya kuɗin wata ne kawai, ba a ƙidaya masa abin da ya sha. Bambancin kamar na mai famfo a tsakar gida ne da mai jiran ɗan ga-ruwa: dukansu suna samun ruwa, amma ɗaya sai ya yi lissafin jarka kafin ya yi wanki. Talauci yana da hannu a wannan hali, babu musu. Sai dai ni a ganina babban tushensa gado ne na shekara ɗari da 'yan kai da aka yi ana shimfiɗa waya a ƙasar nan domin ta haɗa ofis da ofis da bakin teku, kuma gwamnatocin da suka biyo baya ba su taɓa ɗaukar kai ta ƙofar gidan talaka a matsayin aikinsu ba.

Kafin zuwan Turawa, labari da wasiƙa da haja daga arewa suke shigo wa ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma ya taso daga Tarabulus, ya biyo ta Gadamas da Gat da Agadas, ya sauke a Kano da Katsina. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da birni mai saƙa da rini wanda tufafinsa ke kaiwa har Timbuktu. Kano a wancan zamani ƙofar shiga ce. A 1886 aka haɗa Legas da Landan da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku, kuma daga nan akalar ta fara juyawa. Wayar ta bi sawun sojojin mulkin mallaka zuwa Jebba da Lokoja, sannan Zungeru inda Lugard ya kafa hedikwatarsa, kuma bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 ta miƙa zuwa manyan garuruwan larduna. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, turakun waya suna tafe a gefen dogo. Duk wanda ya dubi inda wayar ta tsattsaya zai gane wa aka yi wa ita: ofishin Razdan, barikin soja, tashar jirgi, gidan waya, sai kantunan kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga da fata. Cikin ganuwa, inda jama'a suke, ba ya cikin lissafi. Garin da ya saba zama mashiga ya koma ƙarshen layi, fiye da kilomita 1,000 daga inda wayar ta fito daga teku.

Da aka sami 'yancin kai a 1960, layukan tarho da ke faɗin Najeriya ba su kai 19,000 ba. An yi tsare-tsaren raya ƙasa iri-iri, an sami kuɗin man fetur a shekarun 1970, amma sashen gidan waya da sadarwa na gwamnati ya ci gaba da aiki da tunanin da ya gada. A 1985 aka haɗe ɓangaren tarho na wannan sashe da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka haifi NITEL, aka kuma bar masa kasuwar shi kaɗai. Dattawa da yawa suna tuna yadda samun layi yake a lokacin: a cike takarda a jira shekaru, a nemi wanda ya san wani, idan damina ta sauka layi ya mutu sai an bi ma'aikata an lallaɓa. Gidan da ke da tarho sananne ne a unguwa, maƙwabta kan zo su zauna jiran kiran ɗansu da ke Legas ko Jidda. Zuwa shekara ta 2000, ƙasa mai mutum kusan miliyan 120 ba ta da layukan da ke aiki da suka kai rabin miliyan, kuma kaso mai tsoka na waɗannan a Legas suke da ofisoshin gwamnati. A daidai wannan lokaci Afirka ta Kudu, wadda yawan jama'arta bai kai rabin namu ba, tana da layuka kusan miliyan 5.

Wannan gazawa ta tarho ita ce ta yanke wa intanet ɗin gida hukunci tun kafin ya zo, kuma nan ne mutane da yawa ba sa lura. A Ingila da Faransa da Amurka, intanet mai sauri bai buƙaci sabon haƙa ba a farkonsa. Siririyar wayar tagulla da ta riga ta shiga kusan kowane gida domin tarho, ita aka ɗora wa fasahar da ake kira ADSL wajen shekara ta 2000, sai ga gida yana da intanet dare da rana. A Faransa kamfanin Free ya fito a 2002 da tsarin kuɗin wata da bai kai Yuro 30 ba, babu ƙidayar abin da aka yi amfani da shi, sauran kamfanoni dole suka bi. Afirka ta Kudu da Masar da Maroko su ma sun hau wannan hanya gwargwadon layukan da suke da su. Da zamanin fayiba ya zo, wato wayar da ke ɗaukar saƙo da haske a cikin zaren gilashi, waɗannan ƙasashe sun tarar da bututun ƙarƙashin ƙasa da turaku da taswirar tituna da ma'aikatan da suka san kowane lungu. Cire tsohuwar waya suka yi suka zura sabuwa. Mu kuwa babu tsohuwar da za a cire, babu bututun da za a zura wani abu a ciki.

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi ya kai naira 20,000 ko fiye a farkon lamarin, minti ɗaya naira 50, har Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa ta karya farashi. Masu kiran waya a ƙarƙashin lema suka cika bakin tituna, daga baya su ma suka ɓace saboda kowa ya mallaki tasa. Masu ganin cewa rashin wayar ƙasa alheri ne ya zame mana daga nan suke kafa hujja. Suna cewa mun tsallake zamanin tagulla ba mu yi asarar kuɗi a kansa ba, kuma abin da NITEL ya kasa yi a shekara 16 'yan kasuwa sun ninka shi cikin ƙanƙanin lokaci. Maganarsu gaskiya ce a kan kira da saƙo, kuma duk wanda ya raina abin da salula ta yi wa manomi da ɗan kasuwa da mai haƙuri a ƙauye bai yi adalci ba. Amma turken sadarwa ƙarfinsa rabawa ake yi tsakanin duk wayoyin da ke kewaye da shi. Idan mutum dubu suka hau bayan sallar isha'i, kowa sai ya ji a jikinsa, shi ya sa sabis ke ja da dare a unguwanni masu cunkoso. Dalilin sayar da data da awo ke nan ma: abin da yake ƙayyadadde dole a yi masa ma'auni. Sannan shi kansa turken, in ana so ya ba da 4G ko 5G na gaskiya, sai an kai masa fayiba har gindinsa. Haƙan da aka ce mun tsallake yana nan yana jiranmu, ɗage shi kawai aka yi.

Yayin da salula ke bunƙasa, NITEL yana mutuwa a tsaye, kuma ya tafi da abin da ya kamata ya zama harsashin intanet ɗin gida. An yi yunƙurin sayar da shi a 2001, masu sayen suka kasa biya. An damƙa wa kamfanin Pentascope gudanar da shi a 2003, aka raba gari cikin asara. Transcorp ya karɓa a 2006, gwamnati ta ƙwace a 2009, wani cinikin na 2010 shi ma ya rushe, sai a ƙarshen 2014 aka sayar wa NATCOM abin da ya rage a kan dala miliyan 252. A tsawon waɗannan shekaru ɓarayi sun tone wayoyin tagulla, masu aikin titi sun binne ramukan, injunan ofisoshin tarho sun yi tsatsa. Abin da ya fi ciwo shi ne, NITEL ɗin nan ne ke riƙe da rabon Najeriya a SAT-3, wayar fayiba ɗaya tilo ta ƙarƙashin teku da ta haɗa ƙasar da duniya tun daga 2002. Tsadarta da rashin tabbas ɗinta suka sa bankuna da jami'o'i da masu shagunan intanet dogara ga manyan faifan tauraron ɗan'adam. Wanda ya yi zamani da shagunan nan ya san sayen tikitin awa ɗaya, rabinta ta tafi a jiran shafi ya buɗe. A 2009 da SAT-3 ta sami matsala, Benin da Togo da Nijar da Najeriya duk sai da suka ɗanɗana, domin babu wata hanyar da za a koma.

Shekarar 2010 ta kawo sauyi na haƙiƙa a bakin teku. Funke Opeke ta jagoranci shimfiɗa wayar MainOne, mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, Glo-1 ta biyo baya a shekarar, WACS da ACE suka zo a 2012. Daga baya Equiano ta kamfanin Google ta sauka a Legas a 2022, sai 2Africa wadda ta sauka a Legas da Akwa Ibom. Farashin sari ya faɗi warwas a Legas. Amma shekara da shekaru masu wannan sana'a suna nanata magana ɗaya: ɗauko intanet daga Landan zuwa Legas ya fi araha a kan ɗaukarsa daga Legas zuwa Abuja ko Kano. Kaso kaɗan ne na ƙarfin waɗannan wayoyi ake amfani da shi, saura yana zaune a gaɓa. Manyan kamfanonin salula sun shimfiɗa nasu layukan tsakanin birane, sau da yawa uku ko huɗu a gefen titi guda mai riba, yayin da ƙananan hukumomi da dama babu ko ɗaya. NCC ta fito da tsarin ba wa kamfani ɗaya lasisin shimfiɗa fayiba a kowace shiyya domin ya riƙa sayar wa kowa, an raba lasisin tsakanin 2015 da 2018, amma a shiyyoyin arewa ba a ga aikin da ya taka kara ya karya ba. Taswirar da tangaraho ya zana a 1886 ta sake maimaita kanta: Legas ta ƙoshi, babban titi ya samu, unguwa da ƙauye suna jira.

A nan ne laifin gwamnatocin jihohi ya fito fili. Duk kamfanin da zai binne waya a gefen titi sai ya biya kuɗin izinin hanya, kuma da mita ake lissafi. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a tsayar da shi a naira 145 kowace mita, amma jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu, wasu suna karɓar dubbai. Ekiti naira 4,500 take karɓa kafin Gwamna Kayode Fayemi ya mayar da shi 145 a 2020. A lissafa: naira miliyan 4.5 a kilomita ɗaya, kafin a sa diga a ƙasa, kafin a sayi wayar, kafin a biya leburori. A shekarar ce, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu kuma ministan sadarwa Isa Ali Pantami yake matsa wa gwamnoni, Kaduna ƙarƙashin Nasir El-Rufai ta yafe kuɗin gaba ɗaya, wasu jihohi suka rage. Masu kare harajin suna cewa jiha tana buƙatar kuɗin shiga, kamfanonin nan suna cin riba mai yawa, kuma sukan fasa titi su tafi ba gyara. Batun gyara hujja ce mai ƙarfi, maganinta kuwa a tilasta wa mai haƙa ya mayar da titi yadda ya same shi. Amma harajin da ya hana aikin zuwa bai tara wa jiha ko kwabo ba. Kamfani ba ya jayayya da gwamna, sai dai ya ɗauki wayarsa ya kai inda lissafi zai fita, a bar jihar da turaku marasa ƙarfi. Wanda aka shimfiɗa ɗin ma bai tsira ba. Hukumomi sun ce an sami yankewar fayiba fiye da sau 50,000 a 2024, mafi yawa daga katafilar masu aikin titi, aikin da gwamnatocin ne da kansu suka bayar.

Akwai hujjar da ta fi waɗannan nauyi, kuma bai kamata a kauce mata ba. Ana cewa ko an kawo fayiba ƙofar gida a unguwanni irin su Kurna ko Rijiyar Lemo, wa zai biya? Mutumin da ke fama da kuɗin masara da na makaranta, wanda wutar lantarki ba ta kai masa awa biyar a yini, ina shi ina kuɗin intanet na wata-wata? Ga kuma rashin tsaro: an ƙona turakun sadarwa a arewa maso gabas a 2012, kuma a watan Satumban 2021 gwamnati da kanta ta katse sabis a Zamfara da sassan maƙwabtanta saboda 'yan bindiga. Duk wannan haka yake. Amma irin wannan magana aka yi a kan tarho kafin 2001, cewa talaka ba shi da abin da zai yi da shi, sai ga mai faskare da mai tallan nono sun sayi waya da zarar an kawo ta inda hannunsu zai kai. Buƙatar ma a yanzu ba a ɓoye take ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta. 'Yan kasuwannin Kantin Kwari da Singa suna tura hoton haja suna karɓar kuɗi ta waya. Masu shirya finafinan Hausa sun koma YouTube, suna ɗora manyan bidiyo duk mako, malamai suna watsa tafsiri kai tsaye a watan azumi. Gidan da ke da mutum goma, kowa da wayarsa yana sayen datar ɗari biyar-biyar, in aka tara abin da suke kashewa a wata zai ba da mamaki. Kuɗin yana fita, a tsittsinke ne kawai, kuma a farashi mafi tsada, domin mai sayen ƙaramin ƙunshi shi ya fi biyan kuɗi a kan kowace giga.

Zuwan Starlink, kamfanin intanet na tauraron ɗan'adam, ya tabbatar da haka. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta, a watan Janairun 2023, kuma kafin shekara biyu ta cika ya zama na biyu a yawan abokan ciniki a cikin kamfanonin da sana'arsu intanet ce zalla, duk da cewa faifansa ɗaruruwan dubban naira ne. Ga asibitin karkara ko makarantar da ke nesa da babban titi, wannan rahama ce. Sai dai ba zai maye gurbin waya a birni ba. Tauraro ma ƙarfinsa rabawa ake yi, har sai da kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin mutane a Legas da Abuja na wani lokaci saboda cunkoso. Farashinsa kuma da dala yake tafiya: a watan Oktoban 2024 ya yi yunƙurin ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, NCC ta ce ba da izininta ba, a shekarar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Idan aka haɗa duk abokan cinikin irin waɗannan kamfanoni, na tauraro da na fayiba da na eriya, ba su kai rabin miliyan ba, alhali layukan salula masu hawa intanet sun haura miliyan 130. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, wa'adin ya cika ba a kai ba, kuma abin da aka samu ɗin ma kusan duka ta salula ne.

Saboda haka mai zaɓen tsari a yau yana zaɓe ne a cikin abin da wannan tarihi ya bar masa, kuma saninsa zai rage masa asara. Tsarin da aka tallata a matsayin marar iyaka a kan rautar salula kusan koyaushe yana da wani adadi da in an kai shi gudun zai ragu, don haka a nemi sanin adadin kafin a biya. Lambar gudun da ke jikin talla ita ce ƙololuwa, abin da ya fi amfani shi ne a tambayi maƙwabcin da ke amfani da layin yadda yake yi masa da ƙarfe tara na dare. Wanda sana'arsa ta ƙunshi tura bidiyo ko koyarwa kai tsaye ya binciki gudun turawa, domin yakan gaza na saukewa nesa ba kusa ba. Idan fayiba ce, a san wa zai biya kuɗin ja daga titi, da kwana nawa ake ɗauka kafin a gyara in ta yanke. A kuma sa batir ko ƙaramar sola a cikin lissafi tun farko, tunda rauta ba ta aiki da wutar da babu. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince wa kamfanoni a watan Janairun 2025 ya sa kuskure a wannan zaɓi ya ƙara tsada.

Gwamnatin tarayya, ta bakin ministan sadarwa Bosun Tijani, ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba, kuma a 2024 aka sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya. Ina fatan shirin ya tabbata, amma ma'auninsa a wurina shi ne gidaje da makarantun firamare da ƙananan asibitoci nawa wayar ta shiga, domin tsawon kilomita tsakanin birane an daɗe ana ƙidaya shi. Mafi tsadar aikin fayiba haƙa ne, kuma a 'yan shekarun nan ana ta haƙa a arewa: titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, layin dogon Kano zuwa Maraɗi, ga titunan cikin gari da kwalbatoci da kowane gwamna ke yi. Bututun roba da aka binne tare da aikin titi, wanda kowane kamfani zai iya haya ya zura wayarsa, ɗan kaɗan zai ƙara a kan kuɗin kwangila. Majalisar dokokin jiha tana da ikon wajabta shi a kowace sabuwar kwangilar titin jiha, hukumar tsara birane kuma tana da ikon hana amincewa da sabon rukunin gidaje ko sabuwar unguwar da aka yanka filaye in ba a tanadi wannan bututu ba. Babu ɗaya daga cikin biyun da ke jiran izinin Abuja.